Kalangun Zango a Ƙofar Makarantar Amu

Bara waccan na je Kumasi bikin 'yar ƙanwata. A Aboabo aka yi shi. An tare layi da rumfuna, an jera kujerun roba, mai sa faifai ya kafa lasifikoki har huɗu kamar yana son mutanen Tamale su jiyo. Tun azahar yake sakin waƙoƙin situdiyon Kano ɗaya bayan ɗaya, yana sirkawa da na Tonawa. Can jikin katangar wani gida kuwa wani dattijo ne zaune da kalangu a cinya, yaransa biyu na tsaye a kansa, babu wanda ya kula su. Sai da aka ɗauke wuta wajen la'asar sakaliya sannan ya samu fili. Ya miƙe, ya matse kalangun a hammata, ya nufi inda kakar amarya take. Bai buɗe baki ba tukuna tsohuwar ta rangaɗa guɗa, domin ta ji taken gidansu a bakin makaɗi. Abin bai wuce minti ashirin ba aka tayar da janareta, lasifikoki suka dawo bakin aiki.

Ɗan wana, wanda yake haɗa kiɗa a kwamfuta a wani ɗan ɗaki kusa da Asawase, yana tsaye kusa da ni. Ya ce, "Kawu, abin da tsohon nan ya yi yanzu kunnena ya ji shi, amma ban san ta inda zan kama shi ba." Yaron ya daɗe yana son ya karanci kiɗa a jami'a. Da ya faɗa wa mahaifinsa, amsa ɗaya ya samu: "Roƙon ne yanzu sai an je jami'a?"

Tun daga ranar nake tambayar kaina: a ce an bar shi ya tafi, me zai tarar? Abin da zai tarar shi nake so mu duba tare, wato gadon da Ephraim Amu da Kwabena Nketia suka bar wa karatun kiɗa a Gana. Ni mai ganin girman aikin mutanen nan biyu ne. Amma daga Zango nake kallonsa, kuma daga nan akwai abin da ido ke hangowa wanda ba a ganinsa daga Legon.

Daga Aboabo zuwa jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda kowa ke ce wa Tek, tafiyar 'yan mintoci ce a motar haya in babu cunkoso. Ba kowa ya san cewa a wannan filin makarantar horar da malaman kiɗa ta ƙasar ta taɓa zama ba. A 1949 Amu ya kafa ta a Achimota. A farkon 1952, da aka buɗe Kwalejin Fasaha ta Kumasi da ɗalibai 200 da aka kwaso daga Achimota, sashen kiɗa ya biyo su, Amu na shugabancinsa. Ya zauna nan har 1958, lokacin da aka mayar da horar da malamai Winneba. Wato shekara shida ko bakwai ana koyar da tsara kiɗan Afirka a bayan ɗakin Zango.

Shi Amu an haife shi a Peki a 1899, ɗan ƙabilar Ewe ne, malamin makaranta kuma mai wa'azin coci. Yana koyarwa a kwalejin mishan ta Akropong shugaban kwalejin ya nemi ya rubuta wata waƙar gari da kowa ke yi, Yaa Amponsah, da baƙaƙen kiɗa na Turawa. Nan ya gane cewa bugun da ya taso yana ji bai shiga ma'aunin da aka koya masa ba. Wani da sai ya tanƙwara waƙar ta dace da takarda. Shi sai ya koma wurin makaɗan gargajiya ya zama ɗalibi. A 1932 ya fitar da littafi mai waƙoƙi 25 cikin harshen Twi, da gabatarwa da darussa a kan yadda bugun biyu da bugun uku ke cuɗanya a kiɗan ƙasar. Ya hau mumbarin coci da zanen gargajiya a kafaɗa maimakon kwat, ya nemi a shigo da ganga, rigimar da ta jawo aka sallame shi a 1933. Ya ɗauki sarewar gora ta Tonawa, atenteben, ya gyara ramukanta har ta iya shiga aji. Ya tafi Landan a 1937 ya ƙaro karatu. Ya rasu a 1995, daga baya aka sa hotonsa a tsohuwar takardar sidi 20,000.

Ƙa'idar da aka fi saninsa da ita mai sauƙin faɗi ce: harshe shi ne ubangidan waƙa. Twi da Ewe harsuna ne masu karin sauti, kamar Hausa. In gaɓa ta hau a magana, to ta hau a rerawa. In ta sauka, ta sauka. Tsawonta a baki shi ne tsawonta a waƙa. Waƙoƙin cocin da mishan suka fassara sun karya wannan, har kalma kan fito da wata ma'ana dabam. Mu ma mun san haɗarin. "Fara" ɗaya ce a rubuce, amma farar riga dabam, farar da ake soyawa dabam, fara aiki dabam. Wanda ya saurari waƙar da Amu ya yi wa masaƙan Bonwire, garin saƙar kente da ke kusa da Kumasi, zai ji yadda kai-komon ƙoshiya ya zama bugun waƙar, kalmomin kuma suna tafiya kamar hira. A wurina wannan ita ce mafi kyawun hujjarsa, ta fi duk wata lacca.

Amma a lura da rigar da ya sa wa ƙa'idar. Murya huɗu ce ta mawaƙan coci: siririya da mai kauri ta mata, siririya da mai kauri ta maza, kuma inda jimla ta ƙare sautukan suna zama irin zaman da suke yi a waƙar mishan. Wannan rigar ta yi wa Tonawa daidai ne saboda dama can suna rera waƙa da murya biyu, ta biyu tana bin ta farko kafaɗa da kafaɗa da tazarar hawa biyu, a tsani mai hawa bakwai. Don haka ɗinkin bai nuna ba. Abin da ya fara a matsayin dabarar mutum ɗaya sai ya zama manhaja, manhajar kuma ta zama ma'anar "tsara kiɗan Afirka" a kwalejojin malamai. Kofi Agawu, masanin kiɗa ɗan Gana da ya koyar a Princeton, ya nuna tun 1988 cewa ko a waƙoƙin Ewe na arewa ba kullum rerawa ke yi wa karin sauti biyayya ba, daga baya kuma ya yi rubutu a kan yadda tsarin jituwar sautukan Turai ya zama wani nau'in mulkin mallaka a kunne. Ashe tun a gida an ga inda rigar ta matse.

Nketia shi ya kai abin jami'a. Ɗan Mampong ne a ƙasar Asante, an haife shi 1921, ya rasu 2019. Amu ya shawarce shi tun yana saurayi da kada ya kwaikwaye shi, ya je ya koya wurin tsofaffi. Ya bi shawarar. A 1952 ya shiga jami'ar Legon a matsayin mai bincike a sashen da Kofi Busia ke shugabanta, ya yi ta yawo da na'urar ɗaukar murya. Ya rubuta littafi a kan kukan makokin Akan a 1955, wani a kan gangunansu a 1963, sannan The Music of Africa a 1974, wanda har yau ɗaliban kiɗan Afirka a ko'ina suke farawa da shi. A Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, wadda Nkrumah ya buɗe a hukumance a 1963, aka kafa makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo da ƙungiyar raye-rayen ƙasa tun 1962. Abin da ya fi burge ni shi ne sun ɗauki makaɗan gargajiya aiki a matsayin malamai, ba a matsayin abin kallo ba. Salisu Mahama, magogin Dagwamba, a nan ya koyar, kuma a hannunsa Jacqueline DjeDje ta Amurka ta koyi gogen da ta kwatanta da na Hausa a kundin digirinta na uku a 1978.

To ina Zango a wannan gini? Al'adun ƙasa da aka tsara a zamanin Nkrumah a kan taswira aka shimfiɗa su: kowace ƙabila da yankinta, kowane yanki da kiɗansa. Asante suna da adowa da kete da fontomfrom. Ewe suna da agbadza. Ga suna da kpanlogo. Dagwamba suna da bamaya da takai da damba. Duk wanda ke da ƙasa ya samu kujera. Bahaushen Zango kuwa yana da unguwa, ba shi da yanki. Ko sunan fitacciyar waƙar Amu ta 1929, Yɛn Ara Asase Ni, maganar mallakar ƙasa yake yi. Waƙa ce mai kyau, 'ya'yanmu ma suna rera ta a makarantun boko da zuciya ɗaya, sai dai ta nuna a kan me aka aza tubalin. Dubi kaɗe-kaɗen fiyano 12 da Nketia ya fitar a 1994 don koyar da ɗalibai. Bai manta da arewa ba: akwai na Dagwamba, akwai waƙar aikin Builsa, akwai ta Dagarti. Babu na Hausa ko ɗaya. Haka ma harsuna 11 da hukumar harsunan Gana ke ɗaukar nauyinsu babu Hausa a ciki, alhali gidan rediyon ƙasar ya daɗe yana watsa labarai da ita.

Kuma ba jiya muka zo ba. Bowdich, Baturen da ya shiga Kumasi a 1817, ya tarar da Musulmi a fadar Sarkin Asante. Fataken goro sun yi ƙarnoni suna bin hanyar Gwanja. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da isowar jirgin ƙasa a 1903, Zango ya cika ya batse. Abin dariya ma, kiɗan da aka ba wa kujerar cike yake da sawun wannan hanya. Donno da ake kaɗawa a adowa ɗan uwan kalangu ne, daga arewa ya gangaro. A Dagwamba akwai kiɗan rawa da ake kira Zamanduniya. Mai karatu ba ya bukatar tafinta. Cibiyar Legon ɗin kanta ta tara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami daga malaman zanguna, ciki har da waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934. Takardar malam ta samu shiga ɗakin ajiya, kalangun mahauci bai zama darasi ba. Sannan Busian da ya buɗe wa Nketia ƙofa a 1952, gwamnatinsa ce a Nuwamba 1969 ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su fice. Duk gidan Zango yana da labarin wannan shekarar. Al'ummar da aka kori da yawa daga cikinta a mota ba ta da bakin neman a sa kiɗanta a manhaja.

Yanzu a ce an buɗe ƙofar, an ce wa ɗan wana ya ɗauko waƙar Hausa ya tsara ta da ƙa'idar Amu. Nan ne nake ganin matsalar ta fi ta siyasa zurfi. Waƙarmu tana mutunta karin sauti, amma ƙashin bayanta nauyin gaɓa ne. Gaɓa mai nauyi da marar nauyi su ke riƙe da layi, shi ya sa malamanmu suka iya ɗora waƙar Hausa a kan arulin Larabci ba tare da ta karye ba. Bruce Hayes da marigayi Russell Schuh sun fitar da dogon nazari a 2019 a kan yadda karin rajaz na Hausa ke zama a kan bugu in an rera shi, kuma a kan nauyin gaɓa maganar ta tsaya. Mai tsara kiɗan da aka horar ya bi hawa da saukar murya kawai zai iya fitar da waƙa mai daɗi wadda Bahaushe zai ji ta gurgunce. Na biyu, akasarin waƙoƙinmu na gargajiya a tsani mai hawa biyar suke tafiya, kuma 'yan amshi murya ɗaya suke haɗawa. In ka raba su huɗu ka zuba musu jituwar coci, ka yi wa doki sirdin raƙumi.

Wannan ba yana nufin ba mu da ilimin tsarawa ba. Muna da shi, a wani wuri yake zaune. Saurari Narambaɗa da kotsonsa: yakan ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da abin da bai faɗa ba, sannan a faɗa gindin waƙa tare. Saurari Shata: amshinsa ɗaya ne tak, gajere, ana maimaita shi kamar turke, shi kuma yana kiwo a kewayensa yadda ya ga dama, kalangai na cike masa gurbin numfashi. Waɗannan gine-gine biyu ne mabambanta, kuma kowanne an zauna an tsara shi, ko da ba a kan takarda ba. Haka rukunin kalangun kansa: babban yana magana, ɗan karɓi yana mayar masa, kuntuku yana riƙe da bugun da ba ya gocewa. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya ya zama jagora da amshi da makaɗi shi kaɗai. Barmani Choge da ƙoren matanta wani tsarin ne kuma. Ɗalibin da ya iya rubuta abin da ke faruwa tsakanin babban kalangu da ɗan karɓi a minti ɗaya na waƙar Shata ya yi aikin da ya kai na kowane ɗan aji huɗu a Legon.

Sai mutum ya ce, to ya tafi Kano mana, ko Zariya, ko Sakkwato. A can an yi wa waƙar baka hidima ta gaske. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Indiana tun 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shimfiɗa hanyar nazari sukutum, ya tattara diwanai, bai kuma manta da ambaton kiɗa da rauji ba. Amma a sashen harsuna ake wannan aiki, kuma kundayen ɗalibai akasari a kan turke da salo da adon harshe suke ƙarewa. Ana juye kalmomin Shata a takarda, a bar kalangan a cikin kaset. Littafin da har yau ake komawa gare shi don sunayen kayan kiɗanmu da rabe-rabensu shi ne na David Ames da Anthony King na 1971. Akin Euba ya zo Legon daga Nijeriya ya yi digiri na uku a kan dundun na Yarbawa, wanda shi ma ɗan ɗakin kalangu ne. Namu yana jira. Kano ta ɗauki baki, Legon ta ɗauki hannu, kiɗan Zango kuwa yana bukatar mai duka biyun.

Laifin gida ma yana nan, kada in yi kamar ban gan shi ba. Maganar yayana ba tasa ce shi kaɗai ba. Mun gaji ɗaukar makaɗi a matsayin maroƙi, muna yi masa liƙi ranar biki, mu hana shi 'yarmu washegari. Ɗan Akan da zai nemi sashen kiɗa ya taso a ƙungiyar mawaƙan coci, ya san baƙaƙen kiɗa tun yana ɗan shekara goma, ya taɓa fiyano. Namu ya taso a makarantar allo da Islamiyya. Sai dai in aka duba da kyau, shi ma bai zo hannu rabbana ba. Yaron da ya yi tajwidi ya san tsawon madda da ƙidayar haraka. Wanda ya zauna da'irar Ishiriniya a watan Maulidi ya san yadda ake ɗora baiti ɗaya a kan kari uku ko huɗu, jagora ya ja, jama'a su karɓa. Horon kunne ne wannan, mai tsanani ma kuwa. Babu jarrabawar shiga da ke tambayarsa, mu kuma ba ma yarda mu kira shi da sunan da zai sa a tambaya.

Farashin wannan giɓi shi ne abin da lasifikokin nan huɗu suka yini suna zubowa. Ban ce babu gwanaye a mawaƙan situdiyo ba. Akwai masu murya, akwai masu iya magana. Amma saurari abin da ke ƙarƙashin muryar. Fiyano ɗaya ce ke yin komai, jituwa uku ko huɗu suna zagayawa, amshin ma muryar mawaƙin ce aka ninka. Kalangun da ke cikin na'ura sauti ɗaya gare shi, domin babu hammatar da za ta matse igiyoyinsa ya hau ko ya sauka. Kalangun da ba ya hawa ba ya sauka kuwa bebe ne, ba zai kira kakar kowa ba. Kwatanta da abin da Ebo Taylor ya yi wa hailaif. Ya yi kiɗa da ƙungiyar Stargazers ta nan Kumasi, ya tafi Landan a 1962 ya karanci tsara kiɗa, ya dawo ya ɗauki waƙoƙin Fante na bakin teku ya rubuta musu layukan ƙaho da jita, ya tsara wa C.K. Mann da Pat Thomas faya-fayan da har yau ake nema a Turai. Karatun bai raba shi da gida ba, ya ba shi hannun kama abin da kunnensa ya riga ya sani. Hailaif ɗin ma da can ba a ɗauke shi abin karantarwa ba, sai da irin su John Collins suka shigar da shi Legon, shi Taylor ma ya koyar a can. Manhajar tana motsawa in an samu mai tura ta.

Saboda haka in aka tambaye ni, zan ce yaron ya tafi, ya koyi rubutun kiɗa da jituwa da duk abin da Winneba ko Legon ko Cape Coast za su ba shi. Amma abin da ya kamata ya ɗauko daga Amu shi ne abin da Amu ya yi ranar da Yaa Amponsah ta ƙi shiga takarda, ba murya huɗun da ya ƙare da su ba.

Bayan bikin da wata biyu ya aiko mini da saƙon murya. Ya nemo gidan dattijon a Sabon Zango. Ya je da waya zai ɗauki kiɗa, tsohon ya ce ya mayar da ita aljihu, ya miƙa masa kuntuku. Sati uku yana buga abu ɗaya, ba a bar shi ya taɓa babban kalangu ba. Ya ce da dare in ya koma ɗaki yakan rubuta abin da ya ji da alamomin arulin da malaminsu na Islamiyya ya koya musu, sanda ga mai motsi, da'ira ga mai ɗauri, sannan ya ja layi sama ko ƙasa inda aka matse ko aka saki. Na tambaye shi ko Baban ya ga takardar. Ya ce ya gani, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce masa, "Ɗana, a nan wurin ka ci gaɓa ɗaya." Ya ƙirga, haka ne kuwa. Takardar neman shiga jami'ar tana cikin jakarsa, ya cike komai, saura wurin sa hannun mahaifi.